Baƙo da Ɗan Gida a Gaban Asusun Tallafi a Ƙasar Ayalan

Ranar 1 ga Mayu 2004 gwamnatin Ayalan ta yi abubuwa biyu. Na farko an yi shi da kiɗa da tutoci a birnin Dublin, domin a lokacin ita ke riƙe da shugabancin Tarayyar Turai, kuma a ranar ne ƙasashe goma suka shiga ƙungiyar. Ayalan ta ce wa 'yan Polan da Lituweniya da Latibiya da sauransu su zo su yi aiki ba tare da neman izini ba. A duk tsofaffin ƙasashen Tarayyar, Birtaniya da Suwidin ne kaɗai suka yi irin wannan buɗe ƙofa tun ranar farko. Na biyun kuwa ba a yi masa shela ba. Wata sabuwar doka ce ta fara aiki, wadda ta ce daga yau babu mai karɓar kuɗin tallafin gwamnati sai ya tabbatar da cewa Ayalan ce mazauninsa na haƙiƙa. Wato dai ƙasar na son hannun baƙo a wurin aiki, tana kuma tsoron ganin hannun a cikin asusunta. Duk gardamar da ake yi a can yau, a majalisa da gidajen rediyo da bakin titi, tsakanin wannan so da wannan tsoro take kai-kawo.

Sai an tuna wace ƙasa ce wannan kafin a gane nauyin al'amarin. Ayalan ta fi kowa sanin ƙaura. A yunwar da ta faro a 1845, kimanin mutum miliyan 1 suka mutu, wasu kimanin miliyan 1 suka tsallaka teku zuwa Amurka da Ingila da Kanada. Ƙaurar ba ta tsaya ba har sama da shekara 100, ta yadda a ƙidayar 1961 mutanen jamhuriyar ba su wuce miliyan 2.8 ba. A tsakiyar shekarun 1990, da kamfanonin Amurka na magunguna da na kwamfuta suka kwararo, masu shigowa suka rinjayi masu fita. A ƙidayar 2022 jama'ar ta haura miliyan 5.1, kuma mutum ɗaya cikin biyar a wata ƙasa aka haife shi. Waɗanda ba su da takardar zama 'yan ƙasa sun kai kashi 12 cikin 100, mafi yawansu 'yan Polan da Birtaniya da Indiya da Romaniya. Cikin shekara 30 ƙasar da ta saba rakiyar 'ya'yanta zuwa tashar jirgin ruwa ta koma mai tarbar 'ya'yan wasu.

Kuɗin da Ma'aikatar Kare Jin Daɗin Jama'a ke rabawa kashi biyu ne, kuma yawancin ruɗanin da ake samu daga haɗa su wuri ɗaya yake tasowa. Kashi na farko inshora ce. Duk ma'aikaci ana yankar wani abu daga albashinsa, mai gidansa ma yana zuba nasa, a asusun da ake kira PRSI. Kamar adashi ne, wanda ya zuba shi ke kwasa, kuma ba a tambayar fasfo. Direban babbar mota ɗan Polan da ya biya na mako 104 yana da haƙƙin kuɗin rashin aiki daidai da maƙwabcinsa ɗan asalin Cork. Fansho na wannan asusu kuma sai wanda ya zuba na mako 520, shekara 10 ke nan. Duk wanda ya ce baƙo na cin abin da bai nema ba daga wannan ɓangaren, bai san yadda asusun ke aiki ba.

Kashi na biyu shi ne taimako daga harajin kowa da kowa, wanda ake ba mutum saboda buƙatarsa: alawus na mai neman aiki, wanda a 2025 ya kai Yuro 244 a mako, da na naƙasassu, da na uwa ko uba mai renon yara shi kaɗai, da na masu jinyar 'yan uwansu a gida, da kuɗin yara na Yuro 140 a wata ga kowane yaro. A kan wannan kashi ne aka ɗora sharaɗin mazauni. Jami'in da ke duba takardun mutum yana auna tsawon zamansa a ƙasar da ko zaman ya katse, da dalilin duk wata tafiya da ya yi, da irin aikin da yake yi, da inda iyalinsa da harkokinsa suke, da kuma abin da ya nufa nan gaba. A 2009 aka ƙara masa wani ƙulli: kafin ma a fara wannan awo, sai mutum yana da izinin zama bisa doka. Wannan ƙullin ne ya rufe ƙofa gaba ɗaya ga masu neman mafaka, domin doka ba ta ɗaukar jiran hukunci a matsayin izinin zama.

An ƙirƙiro sharaɗin ne don tare waɗanda 'yan siyasa suka riƙa kira masu yawon cin tallafi, mutanen da aka yi zaton za su cika jirage daga gabashin Turai don su zauna su karɓi kuɗi. Ba su zo ba. Waɗanda suka zo matasa ne masu ƙarfi, suka shiga gine-gine da mayankar dabbobi da gonakin laimar kwaɗi da otel-otel. Tarkon sai ya riƙa kama wasu daban. Ya kama 'yan Ayalan ɗin kansu da suka shekara 20 ko 30 a Boston ko Sidni suka dawo don jinyar tsohuwar uwa, aka ce musu su kawo hujjar cewa sun dawo ke nan. Ƙungiyar Crosscare ta cocin Katolika a Dublin ta daɗe tana bin irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe. Ya kama 'yan ƙabilar Roma, waɗanda 'yan Tarayyar Turai ne amma da yawansu ba su da takardar aiki ko ta haya da za su nuna, har yaransu da aka haifa a ƙasar suka tashi babu kuɗin yara. Ya kama matar da ta gudo daga mijin da ke dukanta, alhali izinin zamanta a jikin nasa yake rataye. A ganina wannan shi ne babban aibin dokar: ta bar hukunci mai nauyi a hannun jami'i ɗaya a bayan tebur, kuma wanda ya fi rauni shi ne ya fi rasa takardar da za ta gamsar da jami'in. Akwai ofishin ɗaukaka ƙara, amma mai jin yunwar yau ba ya iya jiran watanni.

Kalmar baƙo ma kanta tana rufe mutane iri-iri da doka ba ta yi musu kallo ɗaya. Ɗan Birtaniya kusan ɗan gida ne, saboda tsohuwar yarjejeniyar zirga-zirga da ke tsakanin ƙasashen biyu, wadda ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ba ta taɓa ba. Ɗan Tarayyar Turai yana iya zama wata uku ba tare da wani sharaɗi ba, amma ba shi da haƙƙin taimako a wannan lokaci, kuma bayan nan sai yana aiki ko yana da abin riƙe kansa. In yana aiki, dokar Tarayyar ta ba shi kuɗin yara ko da yaran suna Polan tare da kakarsu. Wannan yana ɓata wa wasu 'yan ƙasar rai, ana iya fahimtar dalili, sai dai dokar ɗaya ce ke kare ɗan Ayalan da ke aiki a Jamus. Wanda ya fito daga wajen Turai kuwa, hatimin da ke cikin katin zamansa ne ke yanke masa rabo. Ɗalibi daga Burazil ko Najeriya yana da izinin aikin awa 20 a mako lokacin karatu, ya biya kuɗin makaranta mai tsada, ya sayi inshorar lafiyarsa, kuma ba shi da ko sisi a asusun taimako. Ma'aikaciyar jinya daga Kerala ko Manila tana biyan haraji tun albashinta na farko. Kimanin rabin ma'aikatan jinyar ƙasar a waje suka yi karatu, kuma asibitocin ƙananan garuruwa da yawa likitocin Sudan da Pakistan ne ke riƙe da su. Idan ana maganar baƙi da asusun gwamnati, waɗannan su ne mafi yawa, kuma zubawa suke yi.

Inda maganar ta fi zafi shi ne kan masu neman mafaka, ko da yake su ne kaso mafi ƙanƙanta. A shekarar 2000 gwamnati ta fitar da su daga tsarin tallafi na kowa, ta kafa musu nasu da ake kira Direct Provision. Ma'anarsa gwamnati ta ba ka gado da abinci sau uku a wata cibiya, yawanci tsohon otel ko tsohon gidan kwanan ɗalibai ko sansanin hutu irin na Mosney a gundumar Meath, wadda ɗan kasuwa ke gudanarwa bisa kwangila. Sai kuɗin kashewa na mako: Yuro 19.10 ga babba, 9.60 ga yaro. Na babba ya tsaya a haka har 2017, duk da tashin farashin komai. Tun 2019 ya zama 38.80 ga babba, 29.80 ga yaro. An tsara abin ne don zaman 'yan watanni, sai ga mutane suna shekara 5, 7, har 10 suna jiran a yanke musu hukunci. Akwai yaran da aka haifa a cibiya, suka shiga firamare daga cibiya, ba su taɓa ganin uwarsu ta ɗora tukunya ba, domin a cibiyoyi da dama an hana girki. Duk wanda ya san matsayin girki a rayuwar iyali ya san abin da aka ƙwace wa waɗannan mata.

Abin da ya fi wannan muni, har tsawon shekara 18 an haramta musu aiki kwata-kwata. Injiniya ne kai ko tela ko malamin makaranta, zama za ka yi. Wani ɗan ƙasar Bama da ya shafe shekara 8 a cibiya ne ya kai ƙara, kuma a watan Mayu 2017 Kotun Ƙoli ta ce haramcin da ba shi da iyaka ya saɓa wa tsarin mulki. Daga 2018 aka ba su damar neman izinin aiki bayan wata 9, aka rage zuwa wata 6 a 2021. Dubbai suka kama aiki, da yawa a gidajen kula da tsofaffi da shaguna da masana'antun nama. Wannan ya kamata ya rufe bakin masu cewa zaman banza suka zo yi. Gwamnati ce ta ɗaure musu hannu, sannan aka riƙa nuna su da yatsa ana cewa ga masu cin gumin wasu.

'Yan Najeriya suna tsakiyar wannan labari tun farkonsa. A farkon shekarun 2000 su ne suka fi kowa yawa cikin masu neman mafaka a Ayalan, kuma a 2024 sun sake zama kan gaba. Dangantakar tsohuwa ce: limaman coci da mata masu zaman zuhudu 'yan Ayalan sun gina makarantu da asibitoci da yawa a Najeriya, don haka sunan ƙasar ba baƙo ba ne a kunnen mutane. A farkon shekarun 2000 ɗin duk jaririn da aka haifa a tsibirin ɗan ƙasa ne. A Janairu 2003 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar da ta haɗa da wani iyali ɗan Najeriya, cewa haihuwar ɗan ƙasa ba ta ba iyaye haƙƙin zama kai tsaye. A Yuni 2004 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi 80 cikin 100 suka amince a soke zama ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa kawai. Hoton da aka yi yaƙin neman ƙuri'ar da shi, ko da ba a faɗa ƙarara ba, na mace baƙar fata ce mai tsohon ciki tana sauka daga jirgi. Shekara 3 bayan haka Rotimi Adebari, wanda ya shigo ƙasar a matsayin mai neman mafaka daga Najeriya, ya zama magajin garin Portlaoise, baƙar fata na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a Ayalan. Ƙasa ɗaya ce ta yi duka biyun.

Zuwan 'yan Yukren a 2022 ya tona wani abu da aka daɗe ana rufewa. Ƙarƙashin dokar kariya ta wucin gadi ta Tarayyar Turai, sama da mutum 100,000 suka shigo, aka ba su izinin aiki nan take, da cikakken alawus na mai neman aiki, da kuɗin yara, da masauki. Abin yabo ne, kuma iyalai da yawa sun buɗe ɗakunan gidajensu. Amma ɗan Somaliya ko Afganistan da ya gudo daga nasa yaƙin yana cibiya yana karɓar 38.80, alhali ɗan Yukren na karɓar sama da 200. Ashe ana iyawa in an so. Da kuɗin ya yi wa gwamnati nauyi, sai ta daidaita su ta ƙasa: daga Maris 2024 sababbin zuwa daga Yukren da ke masaukin gwamnati aka mayar da su kan 38.80, da masaukin kwana 90.

To me bincike ya nuna? Cibiyar binciken tattalin arziki ta ESRI a Dublin ta daɗe tana bin wannan tambaya. Aikin Alan Barrett da abokansa a shekarun bunƙasa ya gano cewa baƙi sun fi 'yan ƙasa ƙarancin karɓar tallafi. Da tattalin arziki ya rushe a 2008, gine-gine suka tsaya, rashin aiki ya fi dukan 'yan gabashin Turai, sai adadinsu a layin masu karɓar kuɗin rashin aiki ya tashi. Amma da yawansu abin da suka zuba suke karɓa, wasu kuma suka tattara suka koma gida. Rahotannin cibiyar na baya-bayan nan sun nuna kason masu aiki a cikin baƙi ya fi na waɗanda aka haifa a ƙasar. 'Yan Afirka sun daɗe suna fama da rashin aiki fiye da kowa, kuma masu binciken sun danganta hakan da wariya wajen ɗaukar aiki da kuma shekarun da aka tilasta wa da yawansu zaman jira. Mutumin da ya shekara 6 bai taɓa aiki ba, wane mai kamfani ne zai yi marmarin takardarsa?

Duk da haka ba daidai ba ne a ce fushin da ake gani a unguwannin talakawa ba shi da tushe. Tushensa gida ne. Bayan rushewar 2008 ƙasar ta kusan daina gina gidaje na shekaru, ƙananan hukumomi sun daɗe da janye hannu daga gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi, jama'a kuma tana ƙaruwa. Haya a Dublin ta fi ƙarfin malamin makaranta. Sama da mutum 15,000 ke kwana a masaukin gaggawa, dubbai daga ciki yara ne. Matashi mai shekara 30 yana kwana a ɗakin da ya yi yarinta, ko ya tafi Ostareliya. A irin wannan hali masu neman mafaka suka tashi zuwa sama da 13,000 a 2022, suka haura 18,000 a 2024. Gwamnati ta riƙa kama otel-otel a ƙananan garuruwa, sau da yawa ba tare da ta shawarci kowa ba. A Roscrea, a Janairu 2024, otel ɗin da ya rage wa garin, inda ake biki da walimar jana'iza, shi aka mayar cibiya. Mutumin da ke jiran mako biyu kafin ya ga likita yana da haƙƙin tambayar yadda za a yi da ƙarin mutane. Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma gwamnati ce ya kamata ta amsa ta.

Masu tsattsauran ra'ayi suka karɓe tambayar suka juya ta. Taken cewa Ayalan ta cika ya bazu daga zanga-zangar unguwar East Wall da ke Dublin a ƙarshen 2022, aka riƙa cinna wa gine-ginen da ake zaton za a sauke baƙi wuta, wasu ma jita-jita ce kawai. Ranar 23 ga Nuwamba 2023, bayan wani mutum ya daba wa yara wuƙa a gaban makaranta a tsakiyar Dublin, 'yan tarzoma suka ƙona motocin bas da taragon jirgin cikin gari, suka fasa shaguna. Cikin waɗanda suka tare maharin akwai wani ɗan Burazil mai kai saƙon abinci a babur. A Facebook da sauran kafafe kuwa ana ta yaɗa cewa ana ba baƙi gidaje da motoci kyauta. Gaskiyar ita ce mai neman mafaka ba ya ma shiga jerin masu jiran gidan gwamnati. Daga Disamba 2023 gwamnati ta daina samar wa maza marasa iyali ko da gado, ta ƙara musu Yuro 75 a mako ta sallame su, suka kafa tantuna a titin Mount cikin sanyin hunturu, daga baya kuma a gefen magudanar ruwa ta Grand Canal. Baƙin da ke aiki ma su ne suka fi kowa dogara da hayar 'yan kasuwa, su ne kuma hayar ta fi cinye wa albashi.

Kuɗi kam ana kashewa, ba ƙarya. Masaukin masu neman mafaka ya ci kimanin Yuro biliyan 1 a 2024. Sai dai wanda ke karɓar 38.80 a mako ba shi ne ya ga wannan kuɗi ba. Masu otel da kamfanonin kwangila ne suka kwashe, domin gwamnati ta shekara 20 tana haya maimakon ta gina nata. Wanda ke jin zafin harajinsa, can ya kamata ya duba.

Ni ban ga laifi ba ƙasa ta ce taimakonta na mazauna cikinta ne, ko ta gaggauta yanke hukunci ta mayar da wanda bai cancanci mafaka ba. Gaggawar ma rahama ce ga kowa. Abin da ba zan iya karewa ba shi ne ɗora wa yaro laifin takardar iyayensa. A 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa gwamnati na iya hana kuɗin yara matuƙar uwa ko uba ba su da izinin zama, kuma ɗaya daga cikin ƙararrakin ta wata uwa ce 'yar Najeriya wadda 'yarta 'yar ƙasar Ayalan ce cikakkiya. Wani kwamiti ƙarƙashin jagorancin Catherine Day ya ba da shawara a 2020 a rushe tsarin cibiyoyin, gwamnati ta fitar da takardar manufa a Fabrairu 2021 ta yi alkawarin yin hakan kafin ƙarshen 2024, har da biyan yaran masu neman mafaka kuɗi daidai da na sauran yara. Shekarar 2024 ta ƙare cibiyoyin sun ƙaru, kuɗin yaran kuma ba a fara biya ba.